Yadda Ake Shirya wa Karatun Harhaɗa Magunguna a Ƙasashen Larabawa

Ɗalibin da ke son karanta ilimin harhaɗa magunguna a Masar, Jodan ko Saudiyya ya kamata ya fara tantance ƙasar da zai yi aiki bayan kammalawa, tun kafin ya zaɓi jami'a. Takardar digiri ita kaɗai ba ta ba mutum izinin tsayawa a kantin magani ko a ɗakin magani na asibiti, domin kowace ƙasa tana da hukumar da ke ba da lasisi, kuma sharuɗɗanta ne za su nuna ko shekarun da aka kashe sun yi amfani.

Daga nan sai a duba irin digirin. A Masar, tun daga 2019 aka koma tsarin PharmD, wato shekara biyar ta karatu da shekara ɗaya ta horo a asibitoci, kantunan magani da masana'antu. Jami'o'in Alƙahira, Ain Shams da Iskandariyya duk suna da tsangayar wannan fanni, haka ma Azhar, wadda ta ware ta maza daban da ta mata. Ɗaliban ƙasashen waje suna neman gurbi a jami'o'in gwamnati ta shafin Study in Egypt, kuma ana buƙatar sakamakon sakandare mai kyau a kimiyya, wanda ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci suka tabbatar da shi. A Jodan, Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Irbid tana cikin waɗanda suka fara tsarin PharmD a yankin. Sudan kuwa, wadda ta daɗe tana karɓar ɗalibanmu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a Khartum, don haka kada a biya kuɗi sai an tabbatar da inda ake ɗaukar darasi a zahiri.

Batun harshe shi ne wanda aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Ana koyar da darussan da Turanci a yawancin waɗannan tsangayoyi, sai ɗalibi ya ɗauka ba ya buƙatar Larabci. Amma a Masar mai harhaɗa magunguna sau da yawa shi ne wanda marar lafiya ke fara zuwa wurinsa kafin likita, har "dakta" ake kiransa, kuma tsohuwar da ta zo da ciwon sukari ko hawan jini za ta yi magana ne da Larabcin gida, ba Fusha ta littafi ba. Wanda bai iya tambayarta wane magani take sha ba, ko ya fahimtar da ita lokacin shan kowace ƙwaya, ya rasa mafi muhimmancin abin da shekarar horo ke koyarwa. A ganina, ya kamata a fara koyon Larabcin kasuwa tun shekarar farko, a kuma nemi zama a kantin maganin unguwa lokacin hutu. A can ne ɗalibi zai ga matsin da ake yi wa ma'aikata su sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, kuma wajibi ne ya koyi ƙin hakan cikin ladabi, domin wannan ɗabi'a ce ke sa magunguna su daina aiki.

Mai niyyar aiki a Saudiyya zai rubuta jarrabawar lasisi ta Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta ƙasar, bayan kamfanin DataFlow ya tantance takardunsa, yayin da Dubai da Abu Dhabi kowacce ke da hukumarta. Mai komawa Najeriya kuwa sai ya halarci shirin da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke shirya wa masu digirin waje, sannan ya yi horon shekara ɗaya da jarrabawar rajista. Saboda haka a rubuta wa majalisar tun kafin tafiya, a tambayi matsayin jami'ar da aka zaɓa, a kuma adana cikakken sakamakon kowace shekara da takardun shaidar horo, domin su za a nema ranar rajista.