Yadda za ka ga guguwar Jupita da idonka daga Maraɗi

Jan tabon da ke jikin duniyar Jupita, wadda malamai ke kira Mushtari, guguwa ce da ta fi duniyarmu faɗi. A 2017 faɗinta ya kai kusan kilomita 16,000, iskar gefenta kuma tana wuce kilomita 400 a awa. Tun 1878 ake bibiyarta ba yankewa. Abin da ya sa ta daɗe haka, Jupita iska ce zalla, babu tudu ko doron ƙasa da zai karya mata ƙarfi.

Madubin hangen nesa mai baki milimita 100 zuwa 150 ya isa. Na hannu mai ido biyu zai nuna maka manyan watannin Jupita huɗu, amma ban da tabon. Ƙarfin ƙara girman hoto kuwa lissafi ne: ka raba tsawon haskaka madubin (nisan da yake tattara haske) da na gilashin ido, wato ƙaramin gilashin da ake leƙawa ta cikinsa. Madubi mai milimita 1200 da gilashi mai milimita 8 zai ba ka ninki 150, kuma nan ya fi dacewa. Kada ka zarce ninki biyu na faɗin bakin a milimita. Hoton zai ƙara girma amma ya dushe.

Lokaci shi ne kan gaba. Jupita tana kammala juyi cikin awa 9 da minti 55, don haka tabon yana ɓuya a bayanta rabin lokaci. Ana ganinsa sosai ne awa ɗaya kafin ya iso tsakiyar fuskarta da awa ɗaya bayan haka. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ta nuna maka sa'ar. In jadawalin da ka samu da agogon GMT aka rubuta shi, ƙara awa ɗaya don Nijar. Nan mutane da yawa ke kuskure, su fito tabon ya riga ya karkata. Jupita tana kusanto mu duk wata 13: Janairun 2026, sai Fabrairun 2027.

Fitilun gari ba su hana ganinta. Zafi ne abokin gaba. Rufin kwano da daɓen siminti suna sakin zafin rana har tsakar dare, iskar ta yi ta rawa, hoton ya zama kamar kana leƙen gindin rijiya. Kafa madubin a kan yashi, kada ka hango ta saman rufi, ka bar shi a waje minti 40 ya huce, ka kuma jira ta hau sama sosai. Siririn hazon hunturu ba laifi, sau da yawa ma iska ta fi kwanciya a lokacin. In ƙura ta yi kauri, rufe kayanka. Kada ka goge gilashi da gefen riga, yashi zai karce shi. Hure shi da ɗan famfon roba.

Da farko ɗamara biyu masu duhu za ka gani sun ratsa fuskar Jupita. Tabon yana manne da gefen ta kudu, kuma a madubi irin na Niyuton, wanda ake leƙawa ta gefensa, kudu sama take fitowa. Ba ja wur ba ne kamar a hotuna, ya fi kama da launin tukunyar ƙasa da ta koɗe. Gilashin tacewa shuɗi, lamba 80A, yana fito da shi. Ka daure minti goma idonka na kai, domin iska takan lafa na daƙiƙa biyu ko uku, a nan ne zai bayyana. In za ka zana, gama cikin minti goma, kafin juyin ya gusar da shi.