Idan shanu sun shiga gona, jama'a sun taru a ƙofar mai unguwa

Da kaka aka fi samun wannan, an yanke gero an jibge a gona, dawa ba ta gama nuna ba. Yaro ya sheƙo a guje ya ce shanu sun faɗa gonar wane. Kafin ka sa takalmi matasa sun cika ƙofar gida da gora da adda, kowa na jiran ta bakinka, kai mai unguwa.

Abin da za ka yanke a tsaye guda ne: ba a taɓa mutum, ba a taɓa dabba. Faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji. Maganar diyya ta kwana.

Duba wanda ya fi kowa ɗaukar zafi, ka kira sunansa, ka ba shi aikin raka dattawa biyu ko uku su tattara shanun wuri guda, a ƙirga a gaban shaidu. Idan ka bar shi cikin taron, shi zai ja sauran. Sannan ka buga wa arɗo waya da kanka, tun labari bai isa ruga da ƙarin gishiri ba. Sanar da dagaci. In an zub da jini ko an ga bindiga, ta wuce ƙofarka, a kira 'yan sanda nan take.

Da sassafe a je gonar kafin a tattake sawu: mai gona, mai shanu ko arɗo, da malamin gona in akwai. A ƙirga kunya nawa aka ci, a ƙiyasta dami nawa ne, a ɗauki hoto. A bi sawun baya. Ta ina suka shigo? An nome burtali ne, ko an toshe hanyar mashaya? Waɗannan shanun ne ma kuwa? Sau da yawa garken da ya yi ɓarnar ya wuce da dare, aka kama na kusa. A Nijar hukuma ke sa ranar sakin gonaki, wato ranar da aka yarje wa dabbobi shiga gonaki bayan girbi, don haka a duba ko ranar ta wuce.

Inda masu unguwa suka fi zamewa shi ne ambaton kuɗi a tsakiyar taro. Ka faɗi kaɗan, a ce Fulani sun saye ka; ka faɗi da yawa don a yi maka tafi, makiyayi ya tashi cikin dare, manomi ya tashi a tutar babu. Riƙe saniya jingina ma da haɗari, don in ta mutu a hannunka an buɗe sabuwar shari'a. Gara arɗo ya tsaya wa mai shanun.

In gonar ɗan'uwanka ce ko surukinka, miƙa wa dagaci maganar tun farko.

Abin da aka daidaita a rubuta: adadi, ranar biya, sunayen shaidu, kowa ya dangwala yatsa. A sa ranar biya bayan kasuwar dabbobi mafi kusa, don sai mai shanun ya sayar da dabba zai samu kuɗin.