Yadda ƙungiya za ta fitar da sanarwa a Facebook, makafi ma su ji

Ƙungiyoyi da yawa a Gombe sukan zuba sanarwa gaba ɗaya cikin fosta. TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi allon Android, ba kullum take iya karanta rubutun cikin hoto ba.

Da farko, duk abin da ke jikin fostar, rana da lokaci da wuri, ku sake rubuta shi a gurbin rubutun Facebook da ke sama da hoton, ba cikin hoton ba.

Sai ku cike gurbin bayanin hoto, wato inda ake rubuta abin da hoton ke nunawa don TalkBack ta karanta, da jimla ɗaya, kamar: "Mata suna karɓar kekunan ɗinki a Pantami." Kada ku bar wa Facebook ya cike shi da kansa, hasashensa ba abin dogaro ba ne.

In bidiyo ne, ku sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasa saboda kurame.

Bayan nan ku kunna TalkBack ku saurara. Gara ma ku roƙi makaho mai amfani da ita ya gwada, ku biya shi ladan lokacinsa, don aiki ne ya yi.

Ku rubuta matakan nan a takarda, ku ɗora wa mutum biyu alhakinsu, saboda masu yi wa ƙasa hidima da ke riƙe shafuka shekara ɗaya suke yi su tafi.