Kurakuran da ke kurmantar da rifitar oba-oba

Haɗa rifita, wato na'urar da ke karɓar maganar oba-oba ta sake aika ta don ta kai nesa, a gida ba wani abin wahala ba ne: oba-oba biyu irin Baofeng UV-5R, ɗaya tana karɓar magana, ɗaya tana aikawa, sai wayar sauti a tsakani. Amma kullum kukan ɗaya ne a Jos: a kan tebur tana aiki lafiya lau, an hau da ita Dogon Dutse, mutumin Bukuru yana ta kira ba ta jin sa.

Nan take sai a ce ƙarfi ne bai isa ba, a ƙure ta a wat 5. To, ciwon aka ƙara. Matsalar ita ce mai aikawa tana ihu a kunnen mai karɓa. Ka tsaya jikin janareta ka ce za ka ji raɗa daga nesa? Waɗannan rediyoyi masu araha ba su da matatar sigina ta kirki a ƙofarsu, kuma tazarar kHz 600 da ake sa wa tsakanin mitar karɓa da ta aikawa a zangon VHF ba ta hana su kurumcewa ko kaɗan. Haba jama'a, a jera eriya biyu kafaɗa da kafaɗa a kan kwano ɗaya, sannan a zargi mai shago! Gwajin ba wuya: kashe mai aikawa. In muryar nesa ta fito tangaram, ka kama ɓarawon.

Ni dai abin da nake yi, in karɓa a VHF, in aika a UHF, zangon da ke can sama da shi. Wanda ya nace sai zango ɗaya, ya tsaya a UHF da tazarar MHz 5, ya sayi duplexer, matatar da ke raba karɓa da aikawa a eriya ɗaya, wanda aka saita daidai mitocinsa da na'urar awo, ba da kunne ba. In babu, eriyar karɓa ta hau can sama, ta aikawa daidai ƙarƙashinta a sanda ɗaya, mita 3 zuwa 5 a tsakani. Rabuwar sama da ƙasa ta fi ta gefe da gefe nesa ba kusa ba.

Sai kebul. Mita 10 na siririn kebul RG-58 yana cinye kusan rabin ƙarfinka a UHF, ko wajen aikawa ko wajen karɓa. Ko ka sa RG-214 mai kauri, ko ka kai akwatin rifitar gindin eriya.

Oba-oba an yi ta ne don gajeriyar magana, ita kuwa rifita hirar kowa take ɗauka, shi ya sa take zafi har ta ƙone. Mayar da ita wat 1, sa mata fanka, ka saita TOT, mai katse aikawa in magana ta yi tsawo, a daƙiƙa 120. Kada ka bar ta zaune a kan caza, gurnani za ta riƙa yi. Batirin sola mai volt 12 da na'urar rage shi zuwa 7.4 ya fi.

VOX, wato tsarin da murya ke tayar da mai aikawa, yana haɗiye farkon magana, sai a danna a ɗan jira. Sa CTCSS, ɗan sautin da sai da shi rifita ke buɗewa, misali Hz 88.5, don hayaniya ta daina tayar da ita. Naɗe mahaɗin kebul da kyau kafin damina, a kafa sandar tagulla a ƙasa, don tsawar Filato ba ta wasa da abin da ke kan dutse.

Mitar rediyo kuma ba a tsintar ta a hanya, sai da lasisi daga Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja. UV-5R tana farawa daga MHz 136, zangon jiragen sama kuwa ya kai har 137, ga filin jirgin Heipang nan kusa, don haka a kula kada a shiga musu.