Yadda Ake Zama Alƙalin Ɗaukaka Ƙara na Soja a Amurka

Tun kafin ka cike takardar neman shiga jami'a, ka tantance kujerar da kake hari, domin iri biyu ce a Amurka, kuma bin hanyar ɗaya na iya jinkirta maka ɗayar. Akwai kotunan ɗaukaka ƙara huɗu na rundunoni: ta sojan ƙasa a Fort Belvoir da ke jihar Bajiniya, ta sojan ruwa da na Marin (dakarun da ke kai farmaki daga teku zuwa tudu) a birnin Washington, ta sojan sama a sansanin Andrews da ke Maryland, sai ta dakarun tsaron gaɓar teku. Alƙalansu galibi hafsoshi ne masu kaki, yawanci kanar-kanar da takwarorinsu, kuma babban lauyan runduna ne ke tura su can. A samansu akwai kotu ɗaya tilo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Rundunonin Soja, mai alƙalai biyar, duk farar hula. Shugaban ƙasa ne ke zaɓo su, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kowa ya yi wa'adin shekara 15.

Karatun farko duk ɗaya ne. A Amurka ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare. Sai ka yi digirin farko na shekara huɗu, a kowane fanni, sannan ka shiga makarantar lauyoyi ta shekara uku wadda Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta amince da ita, ka fito ka ci jarrabawar samun lasisi a wata jiha. Wanda zai zama hafsa kuma dole ya kasance ɗan ƙasa. Fannin digirin farkon bai dame ni ba, in dai yana tilasta maka yin dogon rubutu ana yi maka gyara da jan biro. Dalilin zai fito a gaba.

Ƙofar shiga rundunar lauyoyin soja, wadda ake ce wa JAG, biyu ce. Mafi yawa suna gama karatun lauya ne sannan su nema, a ba su muƙamin hafsa kai tsaye. Wasu kuwa sun riga sun sa kaki. Hafsan da ya yi shekara biyu zuwa shida yana aiki yana iya neman gwamnati ta biya masa karatun lauya, albashinsa na tafiya, shi kuma ya biya kowace shekarar karatu da shekara biyu na aiki. Gurbin kaɗan ne, gasar kuma da zafi. Amma wanda ya taɓa riƙe sojoji, ya ga yadda umarni ke gangarowa daga sama, yana zuwa kotu da wani sani da ba a koyarwa a aji. Daga nan kowace runduna da makarantarta: sojan ƙasa a Charlottesville, jikin Jami'ar Bajiniya, sojan ruwa a Newport da ke Rhode Island, sojan sama a sansanin Maxwell da ke Alabama.

Sabon lauyan soja ba ya fara da manyan shari'u. Sau da yawa wasiyya zai riƙa rubuta wa sojojin da za a tura fagen daga, da takardun wakilci, da sasanta rikicin soja da mai gidan haya. Ka yi shi da kyau, amma idonka na kan ɗakin shari'a. A nan ne mutane da yawa ke kauce wa hanya ba tare da sun lura ba. Aikin JAG faɗi gare shi: akwai dokar kwangila, dokar yaƙi, ba kwamanda shawara, kuma duk suna kai mutum ga ƙarin girma. Sai dai mai son kujerar ɗaukaka ƙara dole ya riƙa komawa shari'ar laifuka duk sanda aka tambaye shi inda yake so a kai shi.

Kuma ka tsaya a ɓangarorin biyu. Ka yi mai gabatar da ƙara, ka kuma yi lauyan wanda ake tuhuma. A sojan ƙasa tun 1980 aka ware masu kare wanda ake tuhuma suka zama sashe mai zaman kansa, don kada kwamandan da ya gurfanar da soja ya zama shi ne mai rubuta rahoton aikin lauyan da ke kare shi. Ni a ganina wanda bai taɓa zama kusa da kofur ɗan shekara ashirin ana karanta masa hukuncin kora daga aiki ba, akwai abin da zai riƙa wuce shi idan ya zo karanta kundin shari'a daga sama.

Matakin da aka fi rainawa, alhali ya fi kowanne kama da aikin da kake nema, shi ne zama lauya a sashen ɗaukaka ƙara tun kana kyaftin ko manjo. Kowace runduna tana da sashe biyu, na gwamnati da na masu kariya. Aikin ba shi da armashi a ido. Za a ajiye maka kundin shari'a, wani ya haura shafi dubu, ka bi shi layi-layi kana neman inda alƙali ya karɓi shaidar da bai kamata ba, ko ya yi wa masu yanke hukunci bayanin doka a karkace, ko inda lauya ya yi shiru a lokacin da ya kamata ya miƙe ya ƙi amincewa. A nan za ka san hukuncin Grostefon na 1982, wanda ya ce duk ƙorafin da wanda aka yanke wa hukunci ya dage a kai, dole lauyansa ya gabatar wa kotu, ko da shi lauyan yana ganin ba shi da makama. Idan ka samu damar zama mataimakin alƙali mai yi masa bincike da daftarin hukunci, kada ka tsaya shawara.

A wajen muƙamin manjo ake zuwa babban kwas na kusan shekara guda a Charlottesville, a fito da digiri na biyu a dokar soja. A can ma ake horar da sababbin alƙalan soja na dukkan rundunoni. Yawancin masu hawa kotun ɗaukaka ƙara sun taɓa yin alƙalanci a matakin farko, ko sun daɗe suna shugabantar lauyoyi. Doka kanta yanzu ta sa sharaɗi: tun daga dokar kasafin tsaro ta 2021, sai wanda ya yi shekara 12 yana aikin lauya ake turawa wannan kujera.

To, me aikin ya ƙunsa? Alƙalai suna zama aƙalla uku-uku. Hukuncin kisa, da korar hafsa, da sallamar wulaƙanci, da ɗaurin shekara biyu ko fiye, duk suna zuwa gabansu kai tsaye ko ba a nema ba. Sashe na 66 na kundin dokokin shari'ar soja, wanda aka zartar a 1950, ya ba su wani iko da kotunan ɗaukaka ƙara na farar hula ba su cika samu ba: suna iya sake auna shaida da kansu, su ce ba ta kai ba. An taƙaita ikon a 2021, yanzu sai mai ɗaukaka ƙara ya nuna takamaiman giɓin da ke cikin hujja, amma yana nan. Idan wata sabuwar magana ta taso wadda babu ita a kundi, sukan mayar da batun ƙasa a yi zaman bincike na musamman, wanda ake kira da sunan shari'ar DuBay ta 1967. Ga kuma Sashe na 37, mai haramta wa kwamanda tsoma baki a shari'a. Wannan shi ne wurin da ake gane alƙali. Kai hafsa ne, wa'adinka a kujerar ɗan lokaci ne, bayansa kuma wasu ne za su yanke inda za a kai ka. A 1994, a shari'ar Weiss, Kotun Ƙoli ta ce rashin tsayayyen wa'adi ga alƙalan soja bai saɓa wa tsarin mulki ba. Sai wata doka ta 2016 ta zo ta ce a riƙa kayyade mafi ƙarancin lokacin da za su zauna. Duk da haka, ranar da za ka soke hukuncin da janar ke alfahari da shi, rubutunka ne kaɗai zai tsaya maka, shi ya sa na dage a kan jan biro tun farko.

Babbar kotun ta sama lissafinta daban. An kafa ta a 1951 da alƙalai uku, ta samu sunanta na yanzu a 1994, kuma da gangan aka sa ta a hannun farar hula. Hafsan dindindin, wato wanda ba na ko-ta-kwana ba, idan ya yi ritaya sai ya shekara bakwai kafin a iya naɗa shi. Saboda haka kanar ɗin da ya ƙare rayuwarsa a kaki ba shi ne ya fi kusa da ita ba. Duba waɗanda suka hau. James Baker tsohon hafsan Marin ne, ya yi karatu a Yale, ya zama lauyan Majalisar Tsaron Ƙasa, Shugaba Clinton ya naɗa shi a 2000. Margaret Ryan ita ma tsohuwar Marin ce, ta karanta lauya a Notre Dame, ta yi wa Mai Shari'a Clarence Thomas aiki a Kotun Ƙoli, aka naɗa ta a 2006. Scott Stucky, wanda aka naɗa a wannan shekarar, ya fito ne daga lauyoyin kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da sojoji. Gregory Maggs ya kasance farfesa a Jami'ar George Washington, kuma lauyan sojan ko-ta-kwana, kafin ya hau a 2018. Kusan dukkansu sun sa kaki, sannan suka gina suna a waje, a jami'a, a ma'aikatar shari'a ko a majalisa, inda masu naɗi ke ganinsu. Kujera biyar ce, kuma siyasa na da hannu a ciki, don haka babu wanda zai iya tsara maka ita a takarda. Shigar sojan ko-ta-kwana dai dabara ce mai kyau ga mai wannan buri, domin ƙafarsa ɗaya na cikin shari'ar soja alhali yana farar hula.

Abin da za ka iya farawa tun kana ɗalibi shi ne sauraro. Kotun tana saka sautin zamanta da hukunce-hukuncenta a shafinta na intanet, wani lokaci kuma takan fita daga Washington ta zauna a makarantun lauyoyi da sansanonin soja. Ka zaɓi shari'a ɗaya, ka karanta takardun ɓangarorin biyu, ka saurari tambayoyin alƙalai, ka rubuta naka hukuncin a shafi uku kafin ka buɗe nasu.