Yadda Ake Haɗa Katalis na Fe-N-C a Maimakon Filatinum, da Yadda Ake Gwada Shi

A injin da ke samar da lantarki daga haidirojin, ɓangaren da oksijin ke karɓar ilektiron huɗu ya zama ruwa shi ne mai nawa, shi ya sa yake cin filatinum da yawa a matsayin katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai. Tun 1964 wani mai bincike, Jasinski, ya nuna cewa kobal da naitirojin ya kewaye na iya wannan aiki. A yau mafi inganci cikin masu maye gurbin filatinum shi ne Fe-N-C: ƙarfe (Fe) ƙwayar zarra ɗaya-ɗaya, kowace tana riƙe da naitirojin (N) huɗu a cikin kabon (C). Duk aikin a nan yake: hana ƙarfen dunƙulewa.

A auna miligiram 800 na ZIF-8 (gari mai ramuka da ke ɗauke da tutiya, naitirojin da kabon), 200 na fenantirolin (sinadari mai naitirojin da ke kama ƙarfe), da 16 na asitet ɗin ƙarfe. Wannan zai ba da ƙarfe kashi 0.5 cikin ɗari. Kada a yi kwaɗayin ƙarawa. Da ya yi yawa sai ya taru ya zama dunƙulen ƙarfe da kabayid (haɗin ƙarfe da kabon), waɗanda ba sa taɓuka komai a asid sai narkewa. A niƙa garin a bushe cikin injin niƙa mai ƙwallaye, minti 30 sau huɗu a gudun juyi 400 a minti.

Sai gashi. A zuba garin a kwale-kwalen kwaz, a bar iskar agon ta wanke bututun tanderu sosai, sannan a tura kwale-kwalen wurin da ya riga ya kai digiri 1050, awa ɗaya. Tutiyar da ke cikin ZIF-8 tana tafasa a digiri 907, ta fice ta bar ƙananan ramuka, a cikinsu ne oksijin ke isa ga ƙarfen. Nauyin zai ragu da kusan kashi biyu cikin uku, wannan daidai ne. Amma idan aka buɗe aka tarar da gari ja-ja ko toka-toka maimakon baƙi ƙirin, iska ta shiga ta wata kafa. A duba robobin bakin bututun. Wasu na ƙara gashi na minti 5 a amoniya a digiri 950. Ƙarfin aikin na tashi, sai dai katalis ɗin yakan yi saurin mutuwa a asid.

Gwajin ne wurin da aka fi yaudarar kai. A dama miligiram 10 na katalis ɗin a mililita ɗaya na haɗin alkohol, ruwa da ɗan Nafion (sinadarin da ke manne garin, da shi kuma ake yin fatar da ke raba ɓangarorin injin biyu), a girgiza a injin sauti har tawadar ta yi sumul. A ɗiga maikirolita 12 a kan faifan kabon mai juyawa mai faɗin milimita 5, wanda shi ne ilektirod na farko, wato kusan miligiram 0.6 a kowace murabba'in santimita. Ta bushe a hankali; idan ta taru a gefe kamar zoben shayi a kan tebur, a goge a sake.

Ilektirod na biyu ya zama sandar girafait. Wayar filatinum tana narkewa kaɗan-kaɗan ta sauka a kan katalis ɗin, sakamakon ya yi kyau na ƙarya. A fara auna a cikin ruwan da aka cika da naitirojin, sannan da oksijin, a cire na farko daga na biyu. Katalis mai kyau a asid yana kai rabin iyakar kwararar lantarkinsa a wajen 0.80 V a ma'aunin RHE, wato idan aka kwatanta da ilektirod ɗin haidirojin.

A maimaita da shafi siriri, a auna haidirojin farokzayid, wanda ke fitowa idan oksijin ya karɓi ilektiron biyu kawai, a zoben ilektirod da ke kewaye faifan. Shafi mai kauri yana ɓoye shi, alhali farokzayid ɗin ne ke haɗuwa da ƙarfe ya haifar da sinadaran da ke cinye kabon da fatar Nafion.