Yadda Bayahudiya ke neman bahasin hukuncin aure ba tare da raina malamai ba

Fikihu nake koyarwa a ƙauyenmu kusa da Ringim, shi ya sa batun ya tsaya min a rai. A shari'ar Yahudawa miji ne ke miƙa takardar saki, suna ce mata get. In ya ƙi, matar ba aure ba saki. Mu ko muna da khul'i.

To in ta kai ƙara kotun malaman Yahudawa, aka yanke hukuncin da bai gamsar da ita ba, ya za ta yi? Ta gaida malaman kotun, su uku, cikin ladabi. Sannan ta roƙi a rubuta mata hukuncin da hujjojinsa, don kuwa "haka muka gani" ba hujja ba ce. In a Isra'ila take, inda dokar 1953 ta damƙa auren Yahudawa a hannun malamai, sai ta ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotunsu a Kudus.